Umma, Inna Hure Ta Ci Abinci

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Maryama, Allah Ya jiƙanki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, tare da ladabi da biyayya irin waɗanda kika yi ta fama ki cusa mini, wasu suka shiga, wasu suka ƙi. Da kina nan da sai in ce ina fatan kina lafiya kamar yadda muke lafiya. Yanzu kuwa fatana kina cikin rahamar Ubangiji, wadda ta fi lafiyar.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Ko kabarinki ban taɓa gani ba, tunda a garin nan mata ba sa shiga maƙabarta. Mijina Baban Rahaf ne ya ce mini kina can maƙabartar Shara'i, kusa da wata katanga, da ɗan dutse a wajen kanki, babu suna. To ina zan kai labari in ya cika mini ciki? Shi ya sa nake rubutawa a nan, inda mutanen unguwarmu Nakkasa da suka watse, na Jidda da na Jumum da waɗanda suka koma gida Kano, za su gani su sa ki a addu'a.

Labarin gajere ne, ni ce zan ja shi, kin san halina. Umma, ƙanwarki Inna Hure ta ci abinci. Ta ci da hannunta, ta suɗe kwanon, ta nemi ƙari.

Kada ki ce wannan ma har labari ne. Bari in ɗauko miki daga inda kika bar mu.

Kin tuna ranar da kika kira ni ɗakinki na sama, kika sa na rufe ƙofa? Na zaci maganar likkafani za ki yi mini, ko ta 'yan kunnenki. Sai kika damƙe wuyan hannuna kika ce, "Safiya, ga Hure nan. Ni na ɗauko ta daga gaban iyayenmu tana 'yar shekara goma sha biyu, na ce zan kai ta ta ga Ka'aba in dawo musu da ita. Ban mayar da ita ba. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ba ta da kowa sai ni. Ki riƙe mini ita." Na ce na riƙe. Bayan kwana tara aka sallace ki a Harami.

Wata uku da rasuwarki aka zo aka rubuta izala da jan fenti a bangon gidanmu, alamar shi ma rusau ya zo kansa. Allah Ya yi miki gata da ba ki ga wannan rana ba. Dutsen nan da kika shekara hamsin kina hawa kina yi wa gwiwarki faɗa, da tandar mai gurasar tamis, da ƙofar su Hajiya Kulu mai koren fenti, duk yanzu fili ne fetal. Na taɓa wucewa a mota, na kasa gane inda ɗakinki yake.

Ranar tashi ce nake so in gaya miki, don ta daɗe tana cin raina. Dabbab ɗaya muka samu, 'yar motar kayan nan, tana jira a gindin dutse, direban yana ta danna mana oda. Aka sauko da firji, da katifu, da keken ɗinkinki, da turmi. Sai aka zo kan zogalenki, wanda kika shuka a rabin duro a saman rufi, daga irin da wata alhajiyar ƙauyenku ta kawo miki ƙulle a bakin zani. Masu ɗauka suka taɓa duron suka ce sai mutum huɗu, kuma babu wuri a mota. Na dubi firji, na dubi zogale, na ce a bar shi. Inna Hure tana tsaye a wurin da ƙunshin kayanta a hammata, tana kallo.

Muka samu shiƙƙa, wato sashen haya a bene, a unguwar Rusaifa, hawa na huɗu. Ba laifi, wallahi. Ruwa a famfo yake zuwa, ba sai an bi motar ruwa ana roƙo ba. Na ba Inna Hure ɗakin da ya fi kowanne kyau, na sa mata sabon mukayyif mai sanyaya ɗaki, na saya mata katifa mai laushi. Na hana ta taɓa komai. In ta ɗauki tsintsiya in karɓe. In ta nufi kicin in tare ƙofa in ce, "Inna, istarihi, ki huta, ai kin yi naki." Ni a ganina amanarki nake riƙewa. Har da fankama nake yi a waya in an tambaye ni ita, in ce ko cokali ba ta ɗagawa.

A hankali abin ya fara. Loma biyu sai ta ce alhamdulillahi. Daga baya lomar ta koma ɗaya. Na yi kabsa, na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, na je kasuwar Mansur na sayo fura mai kyau na dama mata da nono. Har kwaɗon zogale na sayo a wurin wata mata a can, ina murna na gano bakin zaren. Ta buɗe ledar, ta sunsuna, ta ce Allah Ya yi albarka, ta miƙa wa yara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, ta daina faɗa. Umma, Inna Hure fa! Matar da in ta buɗe baki a saman dutse ake jin ta a bakin titi. Matar da ta taɓa bin mai sayar da kifi har gangare da silifa a hannu saboda ya ba ta na jiya. Sai ga ta zaune wuni guda a bakin taga, tana kallon bangon benen da ke gabanmu. Wata rana tana alwala zoben azurfarta ya zame daga yatsanta ya faɗa cikin kwatami, ba ta ma ji fitarsa ba.

Na kai ta asibitin unguwa. Likitar ta auna duk abin da ake aunawa, ta ce ba ta ga wani ciwo ba sai ƙarancin jini da rama. Ta ja ni gefe ta ce in aka dawo bayan mako uku ba ta ƙaru ba, kwantar da ita za a yi, a sa mata robar abinci ta hanci. Na fito ina jin muryarki a kunnena: ki riƙe mini ita.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi mata rashin kunya. Da yammacin ranar na dire mata tire da ƙarfi har miya ta fantsama, na ce, "Inna, so kike mutane su ce na kashe ki da yunwa?" Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Yi haƙuri, 'yar nan." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na shiga banɗaki na saki famfo don kada yara su ji kukana.

Baban Rahaf ne ya kawo maganar fita. Ya je gyaran mukayyif a wata makaranta a Jumum, ya ce ya ga wata hadiƙa a gefen garin, wurin shaƙatawa na iyali, mai ciyawa da bishiyoyi da lilon yara, kuma ba cunkoso irin na cikin Makka. Ya ce ko iska ce ma ta sha. Na gaya mata, ta ce a'a tun kafin in rufe baki. Iƙamarta ta izinin zama ta ƙare, takardun sabuntawa suna hannun mai bi mana su, kuma kin fi ni sanin yadda take da duk wani mai kaki. Ke kika ba ni labarin shekarun da ake kame, lokacin ba ku da takarda, yadda ta wuni a ɗakin tankin ruwa ta fito da zazzaɓi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Takwararki ce ta fitar da ita. 'Yata Walida yanzu shekararta huɗu, bakinta Larabci ne zalla, Hausar sai an matsa mata. Har yau Inna Hure ba ta taɓa kiran sunanta ba, Yaya take ce mata, kamar yadda take ce miki. Ranar Asabar ɗin da za mu tafi, da yarinyar ta ga mun shirya ban da kakarta, sai ta baje a ƙasa tana shure-shure tana cewa, "Ma aruh illa ma'a Sitti!" wai ba inda za ta sai da ita. Na ɗaga hannu zan make ta. Inna Hure ta ce, "Kul. Yaya ta yi magana." Ta jawo abayarta ta saka.

Bayan la'asar muka kama hanya, ga shi lokacin sanyi ne, rana ba ta da zafi. Tun da muka wuce Tan'im ta damƙe carbinta, leɓɓanta suna motsi. Duk motar da ta gani mai fitila a ka sai ta nutse cikin kujera. Ba wanda ya tsayar da mu. Jumum ɗin gari ne da ba ya gaggawa, gidaje gajeru, gonakin dabino a gefen hanya, tsofaffi zaune a ƙofar shaguna suna kallon motoci.

Umma, da kin ga wurin. Na san abin da za ki ce, don kin sha faɗa duk lokacin da muka roƙe ki ki kai mu irinsa muna yara: "Wanda yake da Harami a ƙofar gida me zai je nema a ciyawa?" To ciyawar dai tana da daɗi. Kore shar, an aske ta daidai, ga darbejiya jere tana ba da inuwa, ga furen nan ja da kika hana a shigo miki da shi gida saboda sunansa jahannamiyya. Iyalai sun baza darduma nan da can, kowa da tarmus ɗin shayinsa. Yara suna layin lilo, wasu suna tsere da kekuna, mai balila, dafaffen waken nan, yana gefe da tukunyarsa tana tururi. Ba hayaniyar mota, sai ihun yara da kukan kurciya.

Muka shimfiɗa tamu dardumar a gindin wata darbejiya. Ko zama ba mu gama ba, wata dattijuwa 'yar garin da ke kusa da mu ta aiko jikarta da dabino da gahawa. Na mayar musu da sambusa, don kada ki ce ban yi tarbiyya ba. Na sa wa Inna Hure dabino ɗaya a hannu. Ta riƙe shi, tana juya shi, tana kallon ƙasa. Na ce a raina, shi ke nan, mun ɗauko bakin tagar ne mun kawo shi Jumum.

Da magariba ta kusa, Baban Rahaf ya tafi alwala. Rahaf ta dame ni sai na saya mata balila, na ce wa Inna Hure ta duba mini Walida, yanzu zan dawo. Layin ya ɗan yi tsawo. Da muka dawo, darduma ba kowa. Ga tarmus, ga jakata, ga dabinon nan an ajiye shi a bakin faranti. Ba Inna Hure, ba Walida, ba takalmansu.

Ban san lokacin da na zubar da balilar ba. Na duba wurin lilo, na duba banɗakin mata, na leƙa masallaci, na je bakin ƙofa na tambayi mai sayar da masara. Tsohuwar da ba ta iya hawa matakala biyar sai ta huta, ina za ta? Zuciyata ta kawo mini abubuwa iri-iri, har da wanda ba zan iya rubutawa ba. Rahaf ce ta ja mini abaya ta ce ta ji dariyar Walida ta can ƙarshen wurin, bayan wani ɗan ɗaki da ake ajiye kayan aiki.

Muka zagaya. Umma, zogale ne. Bishiya guda, doguwa siririya, ta jingina da katangar waya a bayan ɗakin, inda ba mai zuwa. Inna Hure ta yi ɗage a kan yatsun ƙafarta, ta lanƙwaso reshe da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana zage ganye, shaf, shaf, kamar ba ta taɓa dainawa ba. Ta ba Walida bakin mayafinta ta riƙe mata, ganye yana zuba a ciki. Kuma magana take yi! "Yaya, riƙe da kyau mana, kina zubarwa. Dubi yadda suka bar shi ya yi ta tsawo kamar ba shi da mai shi." Na tsaya cak, na kasa ƙarasawa, na kasa komawa.

Ni dai na ga allon da aka kafa a bakin ƙofa, mai hana tsinkar fure da karya reshe, har da maganar tara. Ita ba ta karatun allo. Ko da tana yi ma, a wurinta zogale ba fure ba ne, abinci ne, kuma abinci ba a barinsa ya tsufa a kan bishiya.

Sai muka ji ihu. Wani mutum ne cikin koren kaki na ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, yake tahowa da sauri, yana ɗaga hannu yana cewa, "La, la! Mama, la!"

Ban taɓa ganin tsoro irin wanda na gani a fuskarta ba. Ta saki reshen, mayafin ya faɗi, ganyen ya watse a ƙasa. Ta tura Walida bayanta, ta ce da ni da wata 'yar murya, "Safiya, ki gaya masa ni kaɗai ce. Yarinyar ba ruwanta. Ki ce ba ku san ni ba." Shekara sittin da wani abu a duniya, Umma, a kan ganyen zogale take cewa in ce ban san ta ba. Na sha gabanta, na fara haɗa Larabcin ban haƙuri.

Mutumin ya iso yana haki. Dattijo ne Bangali, gajere, gemunsa ja da lalle, hannunsa duk taɓo. Ko kallona bai yi ba. Ya wuce wurin reshen da ta saki, ya tallafo wasu fararen furanni da ke jikinsa, ya nuna mata, ya ce da irin Larabcinsu na wurin aiki, "Mama, warag shil, kullu shil. Ward la." Wato ganye ta ɗiba duk yadda take so, furen ne kada ta taɓa. Ya nuna sama, inda dogayen 'ya'yan suke reto, ya nuna bakinsa. Ashe su 'ya'yan suke ci, a miya. In an zubar da fure, ba 'ya'ya.

Bishiyar tasa ce. Shi ya shuka ta da irin da ya zo da shi daga ƙasarsu, a bayan ɗakin kayan aikinsa, yana ba ta ruwan famfo da bokiti. Shekara da shekaru yana share ganyen yana zubarwa in ya yi yawa. Ya durƙusa ya tattara wanda ya zube, ya kaɗe ƙasar, ya mayar mata cikin mayafi, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta daɗe tana kallonsa. Ina jira ta fashe da kuka ko ta zube. Sai na ji ta ce, da Hausa tsantsa, "To kai in naka ne, haka ake riƙon zogale? Ba ka san ana sare masa kai ba ya yi rassa? Ka bar shi yana neman sama, wa zai hau ya tsinko maka?" Shi kuma ya shiga mayar mata da yarensu, yana nuna rassan, yana girgiza kai. Ita Hausa, shi Bangalanci, ba mai jin na wani, kuma wallahi musu suke yi sosai, kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake nufi. Baban Rahaf ya iso a guje da ruwan alwala a gemu, ya tarar da ni ina dariya ina share hawaye.

Kafin mu tafi, mutumin ya shiga ɗakinsa ya fito da adda, ya sare wani reshe mai kauri, tsawon kamu biyu, ya ba ta. Ya yi alamar a soka shi a ƙasa a zuba ruwa. Na tambayi Inna Hure me za a yi da sanda. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar Makka. Ba ki san zogale daga reshe ma yana kamawa ba?"

Ban sani ba, Umma. Na rantse miki ban sani ba. Na girma ina cin kwaɗonki, ban taɓa tambayar yadda bishiyar take rayuwa ba. Ashe ranar tashi ba mutum huɗu nake bukata ba, wuƙa ce kawai da wurin da sanda za ta shiga a mota. Rashin sani ya fi dare duhu.

Muka yi magariba a masallacin wurin muka kamo hanya. Ta rungume ganyen a cinya, reshen a tsakanin ƙafafunta. Har muka shigo Makka ba ta kula da motar kowa ba, tana ta lissafa wa Baban Rahaf abin da zai sayo a Mansur: ƙuli-ƙuli mai ƙamshi ba wanda ya kwana biyu ba, man gyaɗa, albasa ja.

Washegari da sassafe na ji motsi a kicin. Na tarar da ita zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa, tire a gabanta, tana tsince ganyen daga tsinkayensa. Halin nawa ya motsa, na miƙa hannu na ce, "Inna, kawo in..." Ta make mini hannu, tas! Rabon da ta doke ni tun ina budurwa. Ban taɓa jin daɗin duka irin na ranar ba.

Ta dafa ganyen, ta matse. Na ɗauko injin niƙa don ƙuli-ƙuli, ta ce in mayar da abin hayaniyata. Sai da aka sauko da turminki daga saman kabad, inda na ɓoye shi saboda maƙwabtan ƙasa. Ta ninka bargo ta ɗora shi a kai, ta daka a hankali. Ta yanka albasa da tumatir, ta zuba mai da yaji, ta cakuɗa da hannu. Ta ɗanɗana.

Ta ce, "Gishiri bai ji ba. Ni tsinka da daka ne nawa. Yaya ce mai sa gishiri."

Sai ta kira Walida, ta buɗe mata gwangwanin gishiri ta ce, "Yaya, sa mana." Yarinyar ta ɗebo da 'yan yatsunta ta barbaɗa, rabi a kwano rabi a ƙasa. Inna Hure ta sake cakuɗawa, ta yi bisimilla, ta kai baki. Tana tauna hawaye yana zuba. Tun rasuwarki ban ga ta yi kuka ba, ko ranar da aka fita da ke. Ta yi kukanta, ta ci kwaɗonta, ba ta bar ɗaya don ɗaya ba. Da kwanon ya ƙare ta suɗe yatsu ta ce in ƙaro mata, in kuma ɗora shayi.

Da yamma muka hau rufin bene da reshen. Baban Rahaf ya roƙi mai gadin gidan, ya samo bokitin fenti da ƙasa. Tana danna ƙasar da tafin hannunta, na ga dama ta samu, na ce, "Inna, ki yafe mini zogalen Umma. Amma me ya sa ranar ba ki ce in yanko reshe ba?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Ina tsaye ina kallo kuna zaɓen abin da zai yi amfani a sabon gida. Firji ya shiga, keke ya shiga. Aka zo kan zogale aka ce ya yi nauyi, a bar shi. Na ce a raina, Hure, ke ma don kina da ƙafar sauka da kanki ne. Da muka zo nan kuma kika ajiye ni a ɗaki kamar kayan da aka rasa inda za a kai. To mutumin da ba ya aikin komai, da wane baki zai ci abincin mutane?"

Na durƙusa a kan simintin nan na kifa kaina a gwiwarta, kamar yadda nake yi miki. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in tashi, ina tare mata haske.

Kin ce in riƙe miki ita. Ni kuma na ɗauka riƙo shi ne katifa mai laushi da ɗaki mai sanyi. Shekara hamsin kuna zama ku biyu bayan la'asar da tire a tsakaninku, ita tana tsinka kina sa gishiri, ni ina wucewa ta gabanku ban ga komai ba sai tsofaffi biyu da ganye. Na karɓe mata tsintsiya, na karɓe mata wuƙa, na karɓe mata ludayi, ina cewa ta huta. Ki yafe mini. Ita ta ce ta yafe, amma nakin nake nema.

Yanzu kicin ya koma hannunta. Ta ce miyata ruwa ce, shinkafata ta caɓe, kuma ban iya yankan albasa ba, ni da na aurar da ƙanne biyu. Mun koma wurin likita, ta ce an ɗan samu ƙari, ta bar maganar roba, ta ce mu dawo bayan wata guda. Ban ce an warke ba. Akwai ranakun da take komawa bakin taga. Amma in Asabar ta zo, ita take fara saka abaya.

Duk mako sai mun je Jumum. Tana kai wa mai lambun kwaɗo a kwanon samira, shi kuma ya ba ta miyar 'ya'yan zogale irin tasu. Ta ce yajin ya yi yawa, mutanen nan ba su da tausayin harshe, amma ba ta taɓa rage ta ba. Ya bar ta ta sare wa bishiyar kai daga gefe ɗaya, don a ga mai gaskiya. Ya gaya wa Baban Rahaf tsohuwarsa tana can ƙasarsu, ya shekara huɗu bai gan ta ba. Mama yake ce wa Inna Hure, ita kuma ta sa shi cikin waɗanda take yi wa addu'a bayan salla.

Reshen ya yi toho, Umma. Shekaranjiya Walida ta sauko a guje ta gaya mana. Ba irin naki ba ne, na wata ƙasa ne mai nisa, amma Inna Hure ta ce zogale duk zogale ne, kuma ta hana kowa ba shi ruwa sai ita da Yaya.

Zan tsaya nan, ga ta can tana ƙwala mini kira, wai na zauna ina latsa waya alhali ba a gyara shinkafa ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Yadda kika shayar da bishiya a kan dutse shekara da shekaru, Allah Ya shayar da ke daga Alkausara, Ya ba ki inuwar da ba ta gushewa. Allah Ya jiƙan iyayenku da ba ku koma kun gani ba. Allah Ya mayar da bawan nan nasa mai lambu gaban mahaifiyarsa lafiya. Ita kuma Hure, Allah Ya bar mini ita ta daɗe tana yi mini faɗa, in lokacinta ya yi Ya sada ku a inda ba a cewa wani ya yi nauyi a bar shi. Amin.

Taki har kullum,
'yarki Safiya,
Rusaifa, Makka.